Ƙafa Huɗu

Tun da babban fari ya cinye wa Bubayero shanunsa, ya jingine sandar kiwo a bayan ɗaki ya ɗauki fartanya. Bai iya noma sosai ba, kunyoyinsa ma a karkace suke fita, amma gonar nan guda ɗaya ita ce duk abin da ya rage masa a duniya, shi da matarsa Hure da 'ya'yansu. Gonar tana wajen Gafasa, a bakin hanyar burjin da motocin Ajingi ke bi zuwa Gaya, daidai inda hanyar ta gangara wani ɗan kwari mai riƙe ruwa.

Wannan kwari shi ne masifarsa. Da damina ta zauna sai hanya ta jiƙe ta yi laushi, motoci su kwaɓa ta, ta zama kamar kunun kanwa. In ta lalace kuwa direba ba ya tambayar kowa, sai ya karya kan mota ya ratsa ta cikin gonar da ke kusa. Bara haka aka yi. Wanda ya fara ratsawa shi ne Maikuɗi, wani direba mutumin Kademi mai babbar mota mai bodin katako, sauran suka bi sawunsa, har aka yi wa geron Bubayero titi a tsakiya. Da ya je ya yi magana, Maikuɗi ko saukowa bai yi ba, ta taga ya leƙo ya ce, "Agwai, kai da shanunka suka shekara suna cin gonakin mutane, yau kai ne da ƙorafi?"

Kuma motar nan ce dai ta kwashi ragowar shanunsa zuwa Kano a lokacin fari, suna layi don yunwa. Shi ya sa ko ƙugin injinta ya jiyo daga nesa sai ya ji bakinsa ya yi ɗaci.

Bana, kafin ruwa ya yi ƙarfi, mai unguwa Inuwa ya kira gayya. Maza suka fito da diga da shebur, aka haƙa rami a ɗaya gefen hanya aka yi ta ɗibar marmara a kwanduna ana zubawa a kwarin, mata suka kawo madaɓai suka daɓe ta kamar daɓen ɗakin amarya. Hanya ta ɗago ta yi jawur, ta yi kyau. Ramin da aka haƙa kuma ya cika da ruwa ya zama kududdufi.

Da aka gama aka zauna a gindin tsamiya ana shawarar yadda za a kare aikin. Wani ya ce a hana motoci duka, aka ce to mu da me za mu je kasuwa? Wani ya ce a riƙa duba kayan da ke ciki, aka ce wa ke da ma'aunin mota? Bubayero ba mai magana cikin taro ba ne, amma ranar ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ni dai ban san mota ba, amma na san burtali. Saniya ɗaya ba ta kashe hanya, garke ke kashe ta. Yawan ƙafa shi ne ɓarna. Motar da ke da ƙafa huɗu ta wuce. Wadda ta fi haka ta zagaya ta babbar hanya, sai ruwa ya ɗauke."

Aka ɗauki gyaɗa kai. Maganar ta zauna wa kowa, don kowa ya taɓa ganin yadda garke ke mayar da burtali taɓo. Mai unguwa ya ce, "Ai kuwa ɗan Fulani ya yi magana." Nan take aka kafa gwafa biyu a bakin gangaren, aka gitta azara a kai, aka ce Bubayero ne mai gadi tunda gonarsa na wurin. Bai gaya wa kowa ba, amma tun kafin ya buɗe baki ya riga ya ƙirga ƙafafun motar Maikuɗi. Biyu a gaba, bibbiyu a kowane gefe a baya. Shida.

Damina ta yi nisa, doka tana aiki. A-kori-kura ta zo ya ɗage mata azara, jif ta zo ya ɗage mata. Manyan motoci suka ji labari suka riƙa zagayawa. Geronsa ya yi tsawo ya wuce kan mutum, ya fitar da kai, sai dai bai yi ido ba tukuna, ko tumu ba za a samu ba. Kullum da safe yakan bi kunyoyin yana shafa ganyen kamar yadda yake shafa wuyan maraƙi a da.

Ranar wata kasuwar Gaya aka wayi gari da ruwa mai yawa. Da ya ɗauke, ƙananan motocin 'yan kasuwa suka wuce ɗaya bayan ɗaya, hanya ta ɗan yi taushi amma ta riƙe su. Rana ta ɗaga kenan sai ya jiyo ƙugin da ya sani, daga wajen Gaya. Motar ta taho tana nishi, an lafta mata buhunan siminti har sun kusa kai bakin bodi, an rufe da tsohon tamfol. Ta tsaya hancinta ya kusa taɓa azara.

"Agwai!" in ji Maikuɗi ta taga. "Ɗage mini karan nan in wuce."

Bubayero bai tashi daga kan kututturen da yake zaune ba. "Ka san doka."

"Wace doka? Ta gwamna ko ta nagge?"

"Ta mutanen garin nan. Ƙafarka shida. Juya."

"In juya da wannan kayan? Mai shi yana Ajingi yana jira, magina sun naɗe hannu. Kai ka san nisan zagayen nan kuwa? Ina za ka sani, kai da ba ka taɓa hawa komai ba sai bayan sa."

"Ko na sani ko ban sani ba, Kaɗo, yau ba za ka bi nan ba."

Maikuɗi ya kashe mota ya diro. Gajere ne mai faɗin ƙirji, rigarsa duk baƙin mai. Kafin nan mutanen da ke gonakin kusa sun fara ajiye fartanya suna matsowa, don faɗan mutanen nan biyu ba sabon abu ba ne, kuma ba ya gundurar kowa. Wani ya ruga ya kira mai unguwa.

Da mai unguwa Inuwa ya iso, Maikuɗi ya ɗan rusuna, rusunawar da ba ta kai ciki ba. "Ranka ya daɗe, ina so in ji dokar nan daga bakinka. Me aka ce?"

"Mai ƙafa huɗu ta wuce. Wadda ta fi haka ta zagaya."

"Ba a ce komai a kan kaya ba?"

"Ba a ce ba."

"Ba a ce komai a kan direba ba? Ko an ce ban da Maikuɗi?"

"Kai, doka ba ta san sunan kowa ba."

"Madalla. Jama'a kun ji."

Ya zagaya bayan mota ya jawo wasu guntayen katako guda biyu masu kauri. Ya ajiye kowanne a gaban tayar ciki ta baya, ya hau ya tayar da mota ya ɗan matsa kaɗan, tayoyin ciki suka hau katakon, na waje suka ɗago suka bar ƙasa. Ya sauko da wata doguwar sifana ya hau kwance notuna, yana taka ta da ƙafa yana waƙa ƙasa-ƙasa. Mutane suka yi cirko-cirko. Sai da tayar farko ta fita ya mirgino ta gaban Bubayero sannan suka gane, wuri ya kaure da dariya.

"Biyar," in ji Maikuɗi.

Ya koma ɗaya gefen ya kwance ta biyun. Ya mayar da notunan ya ɗaure tayoyin ciki, ya roƙi wasu ƙarti suka taya shi cilla tayoyin biyu can saman siminti. Ya karkaɗe hannu.

"Malam mai gadi, zo ka ƙirga. Ko ƙirgan ma sai da wutsiya kake iyawa?"

Da motar ta sauko daga kan katakon, Bubayero ya dubi tayoyin baya. Ɗazu da suke bibbiyu a tsaye suke, ƙyam. Yanzu kowacce ta bazu, ta yi tumbi kamar kwaɗon da aka taka, kuma a nan kan tudu ma, inda ƙasa ke da tauri, ta fara shatar burji.

Sai ya tuna wata farar saniyarsa. Ta taɓa karya ƙafa a wani rami, ta yi wata da watanni tana tafiya a kan uku. Ba ta fi sauran ƙiba ba, ta ma rame, amma in aka je mashaya sawunta ne ya fi na kowace zurfi, kuma ita ce kullum ke kafewa a laka sai an ciccibo ta. Ƙafa ta ragu, saniyar ba ta ragu ba. Ya san wannan tun yana yaro, da idonsa ya gani. Ƙiyayya ce ta sa ya tsaya ƙirgan ƙafa a gindin tsamiya.

Ya matsa kusa da Maikuɗi ya yi ƙasa da murya. "Mayar da su."

"Me ka ce?"

"Ka mayar da tayoyinka. Ka wuce da shidan, a hankali, ta tsakiya."

Maikuɗi ya kama kunnensa ya juya wajen jama'a. "Kun ji abin da na ji? Ɗaga murya mana, ɗan Fulani, ba a rugar surukai kake ba!"

"Za ta yanka hanyar," in ji Bubayero. "Nauyin yana nan, ƙafar ce ta ragu."

"Au! Yanzu kuma yawan ƙafa alheri ne? To na ji, zan mayar. Amma sai ka tsaya nan tsakiya ka faɗa kowa ya ji. Ka ce, ni Bubayero ban san komai ba sai gindin saniya, na yaudari gari don in ƙuntata wa Maikuɗi. Faɗi haka kawai, in ɗauko sifana."

Bubayero ya dubi mutane. Duk waɗanda suka gyaɗa masa kai ne a gindin tsamiya, yanzu suna murmushi suna jira. Ya dubi geronsa, iska tana kaɗa shi. Ya buɗe baki, harshen ya ƙi. Mutumin da ko yunwa yake ji ba ya iya faɗa a gaban jama'a, ta ina wannan za ta fito?

Mai unguwa, wanda shi ma ba ya son a ce dokar garinsa ta zama abin wasa, ya daga sandarsa. "Magana zarar bunu ce. An ce huɗu, ga huɗu. Bubayero, ɗage masa."

Ya ɗage azarar.

Maikuɗi ya hau, ya yi ham sau biyu don tsokana, ya taka mota da ƙarfi don ya haye kwarin a guje. Ta gangara. Tayoyin gaba suka wuce lafiya. Na baya kuwa suna taɓa marmarar da ta sha ruwa suka tsaga ta kamar garma, jan daɓen nan ya dare gida biyu, baƙar laka ta ƙasa ta bulbulo. Motar ta ci gaba tana jan ramuka biyu a bayanta, tana rage gudu, tana karkacewa, har ta kai tsakiyar kwarin. Nan ta yi wani gurnani, tayoyin suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna feshin taɓo, gindinta ya sauka a hankali ya zauna daram a ƙasa.

Dariya ta ɗauke. Matan da suka yi daɓen, waɗanda suka leƙo daga gonaki, suka fara salati.

Motar ta gitta ta cike hanya. A hagunta kududdufi, a damanta geron Bubayero. Ko jaki mai mangala ba zai wuce ba sai ta ɗayan biyun.

Mai unguwa ya tako ya tsaya kusa da Bubayero, bai dube shi ba. "In la'asar ta yi motocin kasuwa za su dawo. Da mata da tsofaffi a ciki. Ba zan iya cewa su kwana a daji ba, ka dai gane."

Ya gane. Za su bi ta inda aka bi bara, kuma in mota ɗaya ta buɗe hanya, shi ke nan har kaka.

Maikuɗi ya fito ta taga ya zauna a kan bodi, ya kunna taba. "Gobe na aika Gaya a zo a ja ni," in ji shi. "Ni ba na sauri."

"Dubi gabas," in ji Bubayero.

Hadari ne ke haɗowa, baƙi ƙirin, can ƙasa-ƙasa. Maikuɗi ya dube shi, ya dubi tamfol ɗinsa mai huji kamar rariya, ya dubi ruwan da ya riga ya fara taruwa a ƙarƙashin bodi. Ya jefar da tabar.

"Sauko, ɗan banza," in ji Bubayero. "Sauke kayan nan."

"Kai ne ɗan banza, mai dokar shanu."

Amma ya sauko. Suka fara sauke siminti su biyu, buhu a ka, suna kaiwa kan tudu. Mutane suka tsaya kallo, don ransu a ɓace yake da su duka biyun, sai da mai unguwa ya daka tsawa sannan ƙarti suka shiga. Duk haɗuwar da za su yi a hanya, ɗaya da kaya ɗaya ba kaya, sai sun yi wa juna magana.

"Matsa, kana warin man shanu."

"Allah ya sa simintin ya daskare a kanka."

Da aka sauke, aka haƙe laka a gefen tayoyin, aka kawo azarar nan ta shinge aka zura a ƙarƙashi, mutane suka danna ta ɗago, Maikuɗi ya kwanta cikin taɓo ya mayar da tayoyin waje. Ya hau ya gwada. Tayoyi shida suka juya a banza, laka ta yi santsi kamar kuɓewa.

"Sai an sa mata abin takawa," in ji shi yana haki. "Rassa, ko kara, mai yawa. Har bakin tudu."

Babu itace a kusa sai tsamiyar gari, ita kuwa ba mai taɓa ta. Karan bara duk an yi danga da shi ko an ƙone. Kowa ya san inda idon kowa yake.

Daidai nan Hure ta iso da ƙwaryar fura a ka. Bubayero ya ce mata, "Koma ki kawo mini magirbi."

Ta dubi motar, ta dubi gonar. "Geron da ko ido bai yi ba?"

"Na ce ki kawo."

Ta ajiye ƙwaryar ta tafi. Da ta kawo, ya shiga kunyar farko ta bakin hanya ya sa wa geron ƙarfe. Bai yarda kowa ya taya shi ba. Wani ya matso da lauje, Bubayero ya galla masa harara, mutumin ya koma. Shi ya san iyakar inda zai tsaya, in ya bar hannu da yawa suka shiga ba za su tsaya ba. Yana sara ana kwasa ana shimfiɗawa a ramukan, ɗanyen kara da ganye da kai duka, ana takawa. Ya gama kunya ya shiga ta gaba. Maikuɗi yana can yana cewa a ƙaro, bai isa ba, a ƙaro, kuma Bubayero ya rantse a ransa har da mugunta a ciki. Hure tana biye da masu kwasa tana tsince kawunan da suka faɗi tana zubawa a zaninta, ko akuya ta ci.

Kafin a sake gwadawa Maikuɗi ya bi tayoyin yana ƙara ɗaure su, sai ya tsaya yana dube-dube. "Noti ɗaya ya faɗi. Wa ya ga noti?" Ya laluba laka da hannu, ya zagaya, ya zo har gaban Bubayero, wanda ke tsaye a bakin gonarsa da magirbi a hannu. "Kai, ba ka gani ba?"

"Ni na san noti? Ni da ban san komai ba sai gindin saniya."

Maikuɗi ya yi tsaki ya hau mota. Mutane suka sa kafaɗa a bayanta. Ta yi kuka, ta girgiza, kara ya yi ta ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinta yana fitar da ɗanyen ruwa, sannan ta ɗago ta hau, ta tafi a hankali a kan geron Bubayero har ta kai tudu. Aka mayar mata da simintin a gurguje, iska ta riga ta fara kaɗawa da sanyi.

Da zai tafi Maikuɗi ya leƙo ta taga. Laka ta bushe masa a fuska, idanu kawai ake gani. "Agwai! Ƙafa nawa yanzu?"

Bubayero ya juya yana duban gonarsa.

"Jibi ina dawowa da wani lodin. Ka tanadi gero!"

Motocin kasuwa suka iso da yayyafin farko. Direban gaba ya tsaya ya leƙa ramukan da aka cike da kara, ya leƙa gonar, kamar yana auna wanne ya fi sauƙi. Bubayero ya tako ya tsaya a bakin kunyar da ya tsaya da sara, magirbi a kafaɗa. Direban ya sa giya ya bi ta kan karan. Sauran suka bi shi.

Mai unguwa ya dubi azarar da ke yashe cikin taɓo, ta tsage a tsakiya. "To yanzu me za mu riƙa dubawa, in ba ƙafa ba?"

"Ranka ya daɗe, a tara mutane a tambaye su. Ni na yi tawa maganar."

Kowa ya watse yana gudun ruwa. Hure ta ɗauki furar da ba a sha ba ta yi gaba. Bubayero ya tsaya yana duban gonar. Gefen hanya ya zama fili, kututturen kara tsaye kamar haƙoran tsoho, faɗin abin da zai ciyar da gidansa har tsakiyar rani. Bayan wannan kuwa geron yana nan tsaye, mai yawa, ruwa na sauka a kansa.

Sai da ƙugin motar ya ɓace sannan ya sunkuya a inda ya tsaya ɗazu, ya tono notin da ya taka ya nutsar a laka. Ya goge shi a rigarsa, ya jujjuya shi a tafin hannu. Ya wurga shi tsakiyar kududdufi.